Tafkin Kalmalo da Ƙishirwar Saiwa

Illela da Birnin Ƙonni 'yan gida ɗaya ne da Turawan Ingila da na Faransa suka ratsa tsakaninsu da iyaka a farkon ƙarni na 20. Ruwa kuwa bai san iyaka ba. Daga duwatsun Adar a Nijar rafin Majiya ke gangarowa, ya ratsa ƙasar Ƙonni, ya sauke kayansa a Tafkin Kalmalo, kusa da Illela. Da wannan tafki masunta da makiyaya da manoman rani suka daɗe suna rufa wa kansu asiri.

Bayan farin shekarun 1970, Nijar ta datse Majiya a Mozage da Zango domin ban ruwa a filayen Ƙonni, inda ake noma kaɗa da alkama. Madatsun suka riƙe ruwa a sama, fari ya sake dawowa a 1984, Kalmalo ya ja baya, har akwai shekarun da ya ƙafe. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar Maiduguri game da rabon ruwan da suka yi tarayya a kansa, Majiya na ciki. Sai dai takarda ba ta jiƙa ƙasa.

Manomin da ya rasa ruwa mai kyau, taimama yake yi da wanda ya samu. Kano ta riga ta nuna mana haka: a bakin Jakara ana shayar da shuka da ruwan kwata wanda ya gauraya da dagwalon majemu. Irin wannan ruwa yana ɗauke da taki, shi ya sa ganye ke yin kore shar, amma yana tafe da gishiri da gubar ƙarafa. Auduga tana jure gishiri fiye da yawancin amfanin gona, sai dai tsironta ba shi da wannan juriya. Uwar saiwarta, wadda kan nutsa fiye da mita guda, takan tsumbure idan gishiri ya taru, ƙasa kuma ta dunƙule ta hana iska shiga. Ranar da ruwa ya yanke, shukar da ba ta yi zurfi ba ita ke fara langaɓewa.

Saboda haka maganar Kalmalo ba ta Illela kaɗai ba ce. Muddin maƙwabta ba su daidaita kan ruwan da Allah ya haɗa su a kansa ba, na gangare zai sha abin da ya samu, kuma saiwa ce za ta fara biyan bashin.