Taƙaddamar Haƙƙin Ƙirƙira a Fasahar Faj

Fasahar faj hanya ce ta gano furotin ɗin da ya dace da wani aiki daga cikin miliyoyin irinsa. Faj bairos ne da ke kama bakteriya. Masu bincike kan cusa masa wata baƙuwar ƙwayar halitta a jikin wadda ke gina rigarsa, sai bairos ɗin ya fito ɗauke da haɗaɗɗen furotin a bayansa, umarnin yin furotin ɗin kuma yana cikinsa. Idan aka tara irin waɗannan da yawa, kowanne da nasa gajeren furotin, an samu rumbu. Sai a zuba rumbun a kan abin da ake nema wa magani, a wanke waɗanda ba su manne ba, a hayayyafa waɗanda suka manne.

George Smith na Jami'ar Missouri a Amurka ne ya bayyana dabarar a 1985, kuma bai yi rajistar mallakarta ba. A 1990 tawagarsa da wasu biyu suka wallafa rumbunan gajerun furotin, yayin da Gregory Winter da abokan aikinsa a Kambrij ta Ingila suka ɗora furotin garkuwar jiki a kan faj. Daga nan harkar ta zama ta kuɗi.

A 1993 Amurka ta ba Robert Ladner da abokansa takardar haƙƙin ƙirƙira mai faɗi kan wannan fasaha, wadda ta koma hannun kamfanin Dyax. Kamfanin ya riƙa ba da lasisi ga duk mai biya. George Pieczenik, wanda shi ma yake da takarda kan rumbunan furotin, ya maka Dyax a kotu, amma bai yi nasara ba. A Turai kuwa, kamfanin Cambridge Antibody Technology, wanda Winter ke cikin waɗanda suka kafa shi, ya shafe shekaru yana shari'a da MorphoSys na Jamus, kafin su sasanta a ƙarshen 2002.

Rikici mafi tsada shi ne na Humira, maganin ciwon gaɓoɓi da aka samar ta wannan hanya, wanda Amurka ta amince da shi a 2002. Kamfanin Abbott, wanda ke sayar da maganin a lokacin, ya rage kason cinikin da yake biyan Cambridge Antibody Technology, bisa hujjar cewa yana biyan wasu masu takardun. A Disamban 2004 Babbar Kotun Landan ta ba kamfanin Kambrij gaskiya. A 2005 suka sulhunta, Abbott ya biya dala miliyan 255.

Akasarin waɗannan rigingimu sulhu da musayar lasisi ne suka kashe su, domin magani ɗaya kan ratsa ta takardun mutane da dama, babu mai iya fitar da shi kasuwa shi kaɗai. A 2018 Smith da Winter suka raba rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai saboda wannan fasaha.