Kifin Tegama: wani tsohon mazaunin hanyar ayari

Idan muna koyar da tarihin Damagaram, mun saba farawa daga Malam Yunus a ƙarni na 18, mu gangaro kan Sarki Tanimun da ganuwar Birni da fataucin Sahara. A nan muna so mu ja zaren baya ƙwarai.

Ayarin da ya tashi daga Zinder zuwa Agadas, in ya wuce Damargu, sai ya ratsa Tegama, ƙasa mai ƙarancin rijiyoyi. Gabas da wannan hanya akwai Gadufawa, inda masu neman uraniyom na Faransa suka ci karo da ƙasusuwan da suka zama dutse. Philippe Taquet ya fara tono a wurin a 1965. Abin da ya yi suna shi ne dinozor Ouranosaurus da ƙaton kada Sarcosuchus, har kifayen suka shiga inuwa, alhali a ganinmu shaidarsu ba ta gaza ta manyan ba.

A 1975 Sylvie Wenz ta bayyana wani kifi daga Gadufawa, ta sa masa suna Mawsonia tegamensis, wato na Tegama. Ɗan gidan selakant ne, masu fukafukai da tsoka kamar guntayen ƙafafu. Ya rayu cikin koguna kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce, yana farautar ƙananan halittun ruwa, shi kuma kada da dinozor Suchomimus, mai dogon baki irin na masu cin kifi, suna zaune a gaɓar kogunan nan.

Sunan Mawsonia kansa ba a Afirka aka raɗa shi ba. Arthur Smith Woodward ne ya ba da shi a 1907 ga ƙasusuwan da aka samo a Bahia ta Barazil. Kifin kogi ba ya ƙetare babban teku. Samun dangi ɗaya a Tegama da Bahia yana cikin hujjojin cewa Afirka da Amurka ta Kudu haɗe suke a dā, kafin tekun Atalantika ya raba su.

Ƙasusuwan da Wenz ta yi nazari an kai su Paris, bayanin kuma da Faransanci ya fito. Ɗalibinmu ɗan Tanut, wanda kakanninsa suka bi hanyar nan da raƙuma, sai ya zo jami'a yake fara jin sunan kifin.