Mota Mai Ƙwanji da Sunayen Ƙafarta

Amurkawa na da wani jinsin motoci na shekarun 1960 da suke kira "muscle car", wato mota mai ƙwanji. A lokacin da ake ƙera su, mujallun mota sun fi ce musu "supercar". Sunan ƙwanji daga baya ya bazu, ya kuma zauna daram, domin shi ne abin da ido ke gani in an ɗaga bonet. Wadda aka fi ɗauka a matsayin uwar gidan ita ce Pontiac GTO ta 1964, inda John DeLorean da abokan aikinsa suka cusa ƙaton inji mai silinda takwas, lita 6.4, mai ƙarfin doki 325, a jikin wata madaidaiciyar mota da ake kira Tempest. Haruffan GTO ma aro ne daga Ferrari ta Italiya. Samarin unguwa ba su damu da Italiyanci ba, sai suka laƙaba mata "Goat", bunsuru ke nan.

To amma duk wannan kirari na inji ne. Ba wanda ya yi wa ƙafa kirari, don babu abin yabo a wurin. Bunsurun 1964, mai nauyin da ya haura tan ɗaya da rabi, yana tsayawa ne da birkin ganga mai faɗin inci tara da rabi a duk ƙafa huɗu, irin wanda aka sa wa 'yar'uwarsa ta zuwa cefane. Sai a 1967 aka fara ba mai saye zaɓin birkin faifai a gaba. Shi ya sa Ba'amurken da ya gaji irin wannan mota, ko ya saye ta ya shigar garejin gidansa, aikin da masu hankali ke ce masa ya fara da shi ba ƙarin gudu ba ne, gyaran tsayawa ne. Kuma tun da ba shi da ogan da zai nuna masa da yatsa, da suna yake odar kaya, da suna yake karanta takardar da ke cikin kwali. Nan ne sunayen ke fara yi masa wasa da hankali.

Ganga dai gaskiya ta faɗa. In ka cire taya za ka ga wani kwanon ƙarfe kife, ka buga masa guduma a gefe har tsatsa ta saki, ka zare. A ciki akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, da 'yan sifirin-sifirin da suka yi jajir, da baƙar ƙura wadda bai kamata a hure ta da baki ba, don tsofaffin layinin birki da asbestos ake yin su. Waɗannan ƙarafa biyu su ne "takalma", suna ne da aka gada daga keken doki, lokacin da ake danna guntun katako a kan bakin wili. In an taka birki takalman na buɗewa su goga cikin gangar. Matsalar ita ce zafi ba shi da hanyar fita: ganga ta yi zafi ta buɗe, ta guje wa takalman, direba na ta dannawa mota na ta tafiya. Turawa na ce wa wannan "fade", kalmar da suke amfani da ita ga atamfar da ta koɗe. Ban taɓa jin suna mai laushi haka ga abin da ke kashe mutum a gangare ba.

Maganinsa shi ne faifai, wanda ke juyawa a sarari iska na bugunsa. Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi tun 1953, masu ƙera motocin Amurka ne suka yi nawa. Bature ɗan Ingila na ce masa "disc", Ba'amurke kuma "rotor", abu ɗaya suna biyu. Ƙarfen da ke cije faifan daga gefe biyu shi ne bakanikenmu ke kira kalifa. Ba ruwansa da halifanci, daga sunan wani ma'auni ne mai baki biyu da maƙera ke gwada kaurin ƙarfe da shi. Sandar da wili ke juyawa a kanta kuwa "spindle" ce, wato mazari, na kaɗi, irin na kakanninmu mata. A wasu motocin dole a sauya mazarin kafin kalifa ta samu wurin zama, kuma sau da yawa tsohon wili mai inci 14 ba ya rufe sabuwar kalifa, sai an koma 15 ko sama. Kwalin da aka rubuta masa "ɗaura kawai" ba kasafai yake faɗar wannan da manyan haruffa ba.

Daga nan sai masta, tukunyar da ke tura man birki zuwa ƙafafu. Yawancin motocin kafin 1967 masta mai ɗaki ɗaya gare su, har masu Ford na ce mata "kwalbar 'ya'yan itace" saboda siffarta da murfinta mai murɗawa. Suna mai daɗi, amma in tiyo ɗaya ya fashe a ko'ina, duk ƙafa huɗu sun tafi tare. Daga motocin 1967 aka koma mai ɗaki biyu, gaba daban baya daban. Wanda ya sa faifai a gaba ya bar ganga a baya sai ya sauya masta, ya kuma ƙara wani bawul mai rage wa baya matsi, in ba haka ba tayoyin baya su riga na gaba kullewa, gindin motar ya zagayo.

Tarkon da ya fi ba ni haushi yana jikin gwangwanin man birki. DOT gajarta ce ta ma'aikatar sufurin Amurka, lambar kuma na nuna zafin da man zai jure kafin ya tafasa: DOT 3 aƙalla digiri 205, DOT 4 digiri 230, DOT 5 digiri 260. Akwai kuma DOT 5.1, wanda duk mai hankali zai ɗauka ƙanen 5 ne. Ina! DOT 5.1 dangin 3 da 4 ne, ana iya haɗa su, suna shan ruwa daga iska, suna kuma cin fenti in sun ɗiga. DOT 5 shi kaɗai ne bare, na silikon ne, galibi ruwan shunayya, ba ya taɓa fenti, abin da ya sa masu motocin nuni ke ƙaunarsa, amma ba ya gauraya da sauran. Mutum zai iya kashe kuɗi mai yawa a kan faifai da kalifa, ya ɓata aikin da ɗigo ɗaya da ke tsakanin lamba biyu.

Ƙarshen aikin birki Turawa na ce masa "bleeding", zubar da jini, kamar wanzami ya zo yin ƙaho. Namu bakaniken ya fi su daidai, shi cire iska yake cewa, kuma iskar ce ake nema. Yadda ake yi a garejin Kano haka ake yi a Ohio: mutum ɗaya a kwance a ƙasa da sufana da tiyo a cikin kwalba, ɗaya a kujerar direba, galibi ɗa ko matar gida da aka roƙa.

"Taka! Riƙe!"

Ya murɗe noti, mai ya fito da kumfa, feda ta nutse. Ya ɗaure.

"Saki."

Ana farawa daga ƙafar da ta fi nisa da masta. In na kujera ya saki kafin a ɗaure, iska ta koma, a sake daga farko, wataƙila har da 'yar faɗa.

Sai ƙafa. A nan ma harsunan biyu sun kalli abu ɗaya ta fuska biyu. Mu muna cewa ƙafar mota, abin da take tsaye a kai. Su suna cewa "suspension", ratayewa, don tun zamanin karusa jikin abin hawa a rataye yake da ɗamarar fata. Kalmar da ta fi ɓatar da mutane ita ce wadda muka ara muka mai da shakazoba, ma'anarta mai shanye gargada. Ba ita ke shanye gargada ba, sifirin ne. Aikinta hana sifirin ci gaba da rawa bayan an wuce ramin, shi ya sa injiniyoyin Ingila ke ce mata "damper", masu Faransanci kuma "amortisseur", mai kashe kaifin motsi. Wanda motarsa ta durƙusa ya sayo sababbin shakazoba yana jiran ta miƙe, zai daɗe yana jira. Sifirin ɗin ne ya gaji, kuma iri-iri ne: naɗaɗɗe a duk ƙafafun GTO da Chevelle, mai ganye-ganye a bayan Mustang, sandar murɗiya a gaban Dodge Charger. Naɗaɗɗen na gaba, in aka kwance shi ba tare da matse shi da abin matsewa ba, yakan fito kamar harsashi. Motar kuma a kan ƙafafun ƙarfe ake ɗora ta, ba a kan jak kaɗai ba.

Akwai wani gyara da masu Mustang na 1965 da 1966 ke yi da injin huji da 'yar takardar awo: a saukar da mazaunin hannun sama na ƙafar gaba da inci ɗaya, domin taya ta daina kishingiɗa waje a kwana. Kusan kowa na kiransa "Shelby drop", da sunan Carroll Shelby, wanda ya yi amfani da shi a GT350 ta 1965. Amma lissafin na wani injiniyan Ford ne, Klaus Arning. Tsiraru ne ke dagewa su kira shi da sunan Arning, ni kuwa ina tare da su, ko da yake na san suna ya riga ya bi Shelby. Har ita Mustang ɗin ma masu tsattsauran ra'ayi ba su yarda mai ƙwanji ba ce. "Pony car" suke ce mata, ƙuru, ɗan ƙaramin doki.

Motar da aka yi wa duk wannan aiki sunanta ma ya sauya, ta zama "restomod", rabi maidowa rabi sauyawa. Kishiyarta ita ce wadda lambobin jikin kayanta suka dace da na ranar da ta bar masana'anta, kuma ita ce ke tsada a wurin gwanjo. Don haka masu wayo ba sa zubar da komai. Tsofaffin gangunan nan, da mazarin, da kwalbar 'ya'yan itacen, sukan shafe su da giris, su naɗe a jarida, su rubuta "hagu" da "dama" a jikin kwali, su tura can saman kanta a bayan gwangwanayen fenti.