Dokar Kalifoniya da Wasannin Bidiyo Masu Zubar da Jini

Taƙaddamar sayar wa yara wasannin bidiyo masu tashin hankali ta kunno kai a Amurka bayan fitowar Mortal Kombat a 1992, wasan da ake fille kan abokin karawa jini na tsiyaya. A Disambar 1993 sanatoci biyu, Joe Lieberman da Herb Kohl, suka kira kamfanonin wasannin bidiyo gaban majalisa. Gudun kada gwamnati ta sa musu hannu, sai kamfanonin suka kafa hukumarsu, ESRB, a 1994, wadda ke manna harafi a jikin kwalin kowane wasa. Harafin M na nufin wasan na ɗan shekara 17 ne zuwa sama. Sai dai bin wannan tsari ganin dama ne ga mai kanti.

Wannan giɓi jihar Kalifoniya ta so toshewa. A 2005 ɗan majalisar jiha Leland Yee ya gabatar da ƙudirin tarar da ta kai dala 1,000 kan duk wanda ya sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 irin waɗannan wasanni. Gwamna Arnold Schwarzenegger, wanda finafinan harbe-harbe suka fito da shi, ya rattaba hannu. Dokar ba ta taɓa aiki ba, domin kotu ta dakatar da ita tun kafin ta fara.

Ranar 27 ga Yuni, 2011, Kotun Ƙolin Amurka ta soke ta, alƙalai 7 suka rinjayi 2. Mai shari'a Antonin Scalia ya ce wasan bidiyo na da kariyar 'yancin faɗin albarkacin baki kamar littafi da fim. Tambayar katin shaidar shekaru a kanti ta ci gaba da zama ƙa'idar 'yan kasuwa.