Wai Maitama Sule iya magana kawai ya yi?

Jiya na ga wani ya rubuta cewa Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ba abin da ya bari sai daɗin baki. Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Masu faɗin haka dattijon da idanunsa suka rufe suka sani, wanda ake riƙo wa hannu a kai shi gaban lasifika. Ba su san saurayin da ya riƙe ma'aikatar ma'adinai da wutar lantarki ta Nijeriya daga 1959 zuwa 1966 ba.

Kun dai san asalinsa. An haife shi a Kano a 1929, mahaifinsa bara ne a gidan Madakin Kano, shi kuma bai taɓa ɓoye wannan ba, da bakinsa yake faɗa a bainar jama'a. Ya yi Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya dawo ya kama alli. A 1954 ya shiga Majalisar Wakilai a Legas ƙarƙashin jam'iyyar NPC.

To, ku tsaya a nan. Yana da shekara talatin aka damƙa masa wannan ma'aikata, kuma ku dubi lokacin. An gano mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958. Wato arzikin yana jariri aka ɗora masa reno. Turawan Shell-BP da sauran kamfanonin da ke rububin shigowa, teburinsa suke zuwa neman izinin haƙa. Kuzar Jos a hannunsa take, kwal ɗin Inugu ma haka, ga hukumar lantarki ta ECN. A zamaninsa aka kafa hukumar madatsun kogin Kwara a 1962, aka soma ginin madatsar Kainji a 1964, wadda har yau take ba mu wuta. A zamaninsa matatar mai ta farko ta fara aiki kusa da Fatakwal a 1965. Wannan duk daɗin baki ne?

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ya fita. Sojoji suka yi juyin mulki a Janairun 1966, mutumin da ya shekara shida yana sa hannu a takardun mai ya koma Kano ba rijiyar mai, ba ko gidan mai guda. Ya sha faɗin haka a gaban manya, ga waɗanda suka yi zamani da shi zaune, ba wanda ya tashi ya ƙaryata shi. Ku nuna mini irinsa yau.

Su kuma masu cewa ai ɗan NPC ne, saboda haka maƙiyin talaka ne, ku yi hattara. Hamayyarsa da Malam Aminu Kano ta siyasa ce, kuma har ya koma ga Allah da girmamawa yake ambaton Malam. Ba a ɗaukaka Malam ta hanyar rage wa Ɗanmasani daraja.

Sauran kun sani. Ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Bako. A 1976 ya shugabanci hukumar karɓar koke-koken jama'a ta ƙasa. Ya nemi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar NPN, Shagari ya samu. Ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya jagoranci kwamitin yaƙi da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. A 1983 aka sake ba shi minista, watanni kaɗan sojoji suka dawo.

Ya rasu a Alƙahira ranar 3 ga Yuli, 2017, aka kawo shi Kano aka yi masa sutura. Allah ya jiƙan Ɗanmasani, ya sa Aljanna ce makoma.