Cusa modul ba wuya, zare shi ne aiki: wani ɓangare na tarihin Linux

Ga rubutaccen shirin wannan makon, musamman ga waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau zan shiga da ku cikin kanel na Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da ɗimbin sabobin intanet, har da wayar Android ɗin da ke hannunka. Linus Torvalds ne ya fara rubuta shi a 1991, yana ɗalibi a Helsinki. Tun tsakiyar shekarun 1990 kanel ɗin ke karɓar ƙananan sassa da ake kira modul. Kana iya cusa su kwamfuta tana cikin aiki, ka kuma zare su ba tare da ka kashe ta ba. To, a wurin zarewar nan ne gizo ke saƙa.

Bari mu ɗauki modul ɗin lambar tantancewa. Idan za a ajiye bayanai, sai a lissafa wata 'yar lamba daga cikinsu a ajiye tare. In an zo karantawa a sake lissafin, idan lambobin biyu suka saɓa an san wani abu ya lalace. W. Wesley Peterson ne ya fito da dabarar CRC a 1961. A 1993 Guy Castagnoli da abokan aikinsa suka wallafa nau'in da ake kira CRC32C, wanda tsarin ajiyar fayil na Btrfs da ext4 ke amfani da shi. A 2008 kamfanin Intel ya sa umarni na musamman a cikin firosesa domin wannan lissafin, sai Linux ya samu modul mai suna crc32c-intel, wanda ya fi na gama-gari sauri nesa ba kusa ba.

Yanzu ka ƙaddara kwamfuta tana tsakiyar rubuta fayil, tana kiran wannan modul, sai wani ya zare shi. Firosesa zai tafi adireshin da ya saba, ya tarar babu komai, ko ya tarar da wani abu dabam. Kanel ya faɗi, rubutu ya tsaya a rabi.

A zamanin Linux 2.4, kowane modul shi ke ƙirga masu amfani da shi da kansa. Matsalar ita ce sai an riga an shiga cikinsa kafin ya ƙara ɗaya a ƙirgen. A ɗan tsakanin nan, wani firosesa na iya ganin sifili ya zare shi. Kamar mai gadin da sai baƙo ya kai tsakar gida yake rubuta sunansa, alhali wani na waje yana duba littafin don ya rushe gidan.

A 2002 Rusty Russell, ɗan ƙasar Ostireliya, ya sake rubuta sashen modul, aikin da ya fito a Linux 2.6 cikin Disamba 2003. Ƙa'ida ta juya: mai son shiga shi zai riƙe modul tun yana waje, in kuma modul ɗin ya kama hanyar fita, a hana shi. Ka buga lsmod za ka ga ƙirgen. Matuƙar bai koma sifili ba, rmmod ba zai zare shi ba.

Akwai wata ƙa'idar da ke burge ni. Modul ɗin da ke da aikin farawa amma ba shi da aikin fita, kanel ba ya yarda a zare shi. Shi ya sa za ka ga aikin fita wanda babu ko layi ɗaya a cikinsa. Sa hannun marubucin ne cewa bai bar komai a baya da ke buƙatar kwashewa ba. Ana iya tilastawa da rmmod -f in an gina kanel da wannan damar, amma nan take zai yi wa kansa tambarin gurɓata.

Saura matsala ɗaya. Shekara da shekaru, mai buƙatar CRC32C yakan bi ta sashen ɓoye sirri na kanel, ya nemi lissafin da suna, a ba shi mafi fifiko da ke nan a lokacin. Riƙon yana hana zarewa, amma alaƙar a ɓoye take. In mai saurin ya makara, sai a ci gaba da mai nawa. A Linux 6.14, Maris 2025, aikin Eric Biggers ya mayar da kiran kai tsaye. Alaƙar ta fito fili, kuma kanel ba ya zare modul ɗin da wani modul ya jingina da shi.

Don haka in rmmod ya ce maka ana amfani da modul, kada ka yi masa ƙarfa-ƙarfa. Duba lsmod, ka ga wa ke riƙe da shi, ka fara sauke wannan.

Masu tambaya su ajiye a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.