Mutuwar Aure a Jihar Kano: Haƙƙoƙin Miji, Mata da 'Ya'ya

Mun tanadi wannan bayani domin jama'ar Balan da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, saboda sau da yawa mace kan bar ɗakinta da saki na baka, ba takarda ba shaida, rigima kuma ta biyo baya. Saki yana yanke igiyar aure, amma ba ya kawar da haƙƙin da ke wuyan kowa.

Dokar da ake bi

Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a shekarar 2000, inda kotunan Shari'a suka maye gurbin kotunan yanki. Auren Musulmi ana yi masa hukunci bisa mazhabar Malikiyya. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya zuwa Babbar Kotun Shari'a, daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta hurumi a kan aure, riƙon 'ya'ya da gado. Auren rajista kuwa, Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke raba shi, bisa dokar tarayya ta 1970.

Hanyoyin rabuwa

Ta farko ita ce saki. Sunna ita ce miji ya yi saki ɗaya cikin tsarkin da bai sadu da matar ba. A saki ɗaya ko biyu yana da ikon kome kafin idda ta cika. A saki uku babu kome, sai ta auri wani auren gaskiya sun rabu.

Ta biyu ita ce kul'i, wato mace ta fanshi kanta da wani abu, galibi sadakinta. Bayansa babu kome sai da sabon ɗaurin aure.

Ta uku ita ce alƙali ya raba auren saboda cutarwa, kamar duka, rashin ciyarwa ko doguwar ƙaura. Idan cutarwar ta tabbata, ba a neman matar ta biya ko kwabo.

Idda da ciyarwa

Iddar mai haila tsarki uku ce, ta wadda ba ta haila wata uku, ta mai ciki kuwa haihuwarta. Matar da aka yi wa saki ɗaya ko biyu tana da haƙƙin ci da sha da wurin kwana a gidan mijinta har iddarta ta cika, don haka korarta a ranar saki saɓa wa Shari'a ne. Wadda aka yi wa saki uku tana da wurin kwana, ciyarwa kuwa sai in tana da ciki. Sadakinta da kayan ɗakinta mallakarta ne.

Riƙon 'ya'ya

A nan aka fi samun kuskure. Al'adar karɓe yaro da zarar an yaye shi ba ita ce doka ba. A Malikiyya uwa ce ke riƙe ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a gidan miji. Idan uwar ta auri bare, riƙon yakan koma hannun kakar yaran ta wajen uwa. Ci, sutura da maganinsu suna wuyan uba, gwargwadon ƙarfinsa.

Matakan da muke ba da shawara

A fara da sulhu ta hannun waliyyai, limami, mai unguwa ko dagaci. Ofishin Hukumar Hisba, wadda aka kafa a 2003, shi ma yana sasanta ma'aurata, amma raba aure aikin alƙali ne. Idan an yi saki, a rubuta takarda mai ɗauke da adadinsa, kwanan wata da shaidu biyu. Wanda aka danne wa haƙƙi ya kai ƙara kotun Shari'a mafi kusa, ba dole sai da lauya ba.

Muna kira ga ma'aurata su ji tsoron Allah, a zauna da alheri, in ta kama kuma a rabu da alheri.